Jitar Abzinawa: kiɗan da ya yi yawo daga kaset zuwa memori

Waɗanda data ba ta ishe su sauraron murya ba, ga shirin a rubuce kamar yadda muka saba.

Yau arewa za mu yi, arewa sosai. Mu wuce Birnin Konni, mu wuce Tawa da Abalak har mu sauka Agadas, daga can kuma mu leƙa Kidal ta ƙasar Mali da Tamanrasset ta kudancin Aljeriya. Tarihin wani kiɗa zan kawo muku, wato jitar Abzinawa, waɗanda mu Hausawa muka fi kira Buzaye. Kiɗa ne da ya yi kusan shekara ashirin yana zagaya Sahara daga hannu zuwa hannu kafin kasuwar duniya ta san da zamansa. Babu kamfanin da ya buga shi, gidajen rediyon gwamnati ba sa saka shi, kuma akwai lokacin da in aka kama ka da kaset ɗinsa sai ka kwana a hannun jandarma. Abin da nake so mu bi sawunsa shi ne: ta yaya waƙa ke isa kunnen jama'a in an rufe mata kowace ƙofa, kuma me mai waƙar ke rasawa a wannan hanya.

Mu fara da yadda kiɗa yake a wurinsu kafin jita ta zo. Abzinawa suna da tende, wanda turmi ne na daka ake rufe bakinsa da fata, mata su kewaye shi suna kiɗa suna waƙa suna tafi. Suna da imzad, mai tsirkiya ɗaya, ɗan'uwan gogenmu, shi ma mata ke goga shi. Sannan akwai tehardent, mai kama da molo, wanda yake hannun gidajen da suka gaji roƙo da ƙira. To kun ga tsarin bai yi nisa da namu ba. Kiɗa gado ne, kuma makaɗi yana da wanda yake yi wa. Mu ma in aka ce Narambaɗa, sai a tuna Sarkin Gobir na Isa. Saurayi ɗan gidan masu raƙuma ba zai ɗauki abin kiɗa ya zauna gaban jama'a ba, ba aikinsa ba ne. Ku riƙe wannan, domin jita ce ta zo ta rusa shi.

A 1963, shekara uku da samun 'yancin Mali, Abzinawan yankin Kidal suka yi wa gwamnatin Modibo Keita bore. Sojoji suka murƙushe shi da ƙarfin tsiya, aka kashe mutane, aka kashe dabbobi. Cikin waɗanda aka kashe akwai mahaifin wani yaro ɗan kimanin shekara huɗu, Ibrahim ag Alhabib. Aka tsallaka da yaron Aljeriya, can ya girma cikin gudun hijira. Wani abin da ke ba ni mamaki, a wannan shekarar dai ta 1963 ne kamfanin Philips ya fito da kaset a Turai. Yaron da kaset ɗin ba su san juna ba, amma za su haɗu.

Sai fari ya zo. Na 1973 da 1974 ya cinye garken dabbobi daga Mali har Nijar, na 1984 da 1985 ya zo ya ƙarasa abin da ya rage. Mutumin da duk arzikinsa raƙumi ne da akuya, ya wayi gari ba ko ɗaya, ina zai nufa? Dattawa da mata suka taru a sansanoni da gefen garuruwa, wasu suka gangaro kudu, shi ya sa a shekarun nan aka ga Buzaye sun yawaita a Kano da sauran biranenmu suna gadi. Samari kuwa da yawa arewa suka yi, Tamanrasset da Libiya, inda kuɗin fetur ya buɗe aikin gini da leburanci. Ba takarda, ba aikin dindindin, yau a samu gobe a kore su. Aka laƙaba musu suna ishumar, daga kalmar Faransanci da ke nufin marar aikin yi. Da Hausa dai 'yan zaman kashe wando. Su kuma suka karɓi sunan suka mai da shi abin taƙama.

A cikin waɗannan samari jita ta samu gida. Ibrahim tun yana yaro ya harhaɗa tasa da galan da sanda da waya. Kada wannan ya ba ku dariya, ai kuntigin Ɗanmaraya Jos ma da gwangwanin kifi ake yin irinsa, kuma ya zaga duniya da shi. Wajen 1979, a Tamanrasset, Ibrahim ya haɗu da Inteyeden ag Ablil da Alhassane ag Touhami da wasu, suna kiɗa a bukukuwa da zaman shayi na dare. Su ne daga baya aka sani da Tinariwen, kalmar da ke nufin hamadu, jam'in tenere. Sun ɗauko bugun tende da salon tehardent suka ɗora a kan jita, suka haɗa da abin da kunnensu ya kwaso na kiɗan Larabawan Magrib da na Turawa. Waƙoƙin da harshensu na Tamashek suke, kuma ba sa yabon kowa. Ba sarki, ba attajiri. Maganar kewar gida suke, abin da suke kira assuf, da maganar fari, da wulaƙancin zama baƙo, da kiran 'yan'uwansu su farka. A ganina nan ne asalin 'yancin wannan kiɗa yake, tun kafin a zo maganar kamfani: makaɗi ne da ba shi da ubangida, saboda babu ma mai abin da zai ba shi.

A 1980 Mu'ammar Gaddafi ya yi kira ga samarin Abzinawa su zo Libiya a ba su horon soja. Dubbai suka amsa, har da su Ibrahim. Su a ransu suna shirin komawa gida ne su ƙwaci haƙƙinsu, shi kuma Gaddafi da tasa manufar, don wasunsu a Lebanon da Chadi aka kai su yaƙi. A waɗannan sansanoni ne waƙoƙin suka ƙara zafi, kuma a nan ne kaset ya shigo.

Bari in ɗan tsaya a kan yadda abin ke gudana, don shi ne zuciyar labarin. Ba sitidiyo irin wanda muka sani. Rikoda ce mai batir a tsakiyar tabarma, a danna jan maɓalli, a yi kiɗa. Duk wanda ya zo da kaset ɗin da ba komai a kai, a cika masa kyauta ya tafi. Shi kuma in ya isa wani gari, wani ya aro ya kwafa, ko da rikoda mai cin kaset biyu, ko a kara rikoda biyu baki da baki a ce kowa ya yi shiru. Kwafi na biyar, kwafi na goma, sautin ya dusashe, ana jin shuuu kamar iska, ana jin tarin wani da ƙarar kofin shayi, amma kalmomin suna fita. Direbobin manyan motoci da 'yan fasa-ƙwauri da masu dawowa daga ci-rani su ne suka zama 'yan aike. Kaset ƙarami ne, yana shiga aljihu, yana shiga cikin naɗin rawani.

Ku tuna kuma mutanen da ake yi wa waƙar. Suna warwatse a ƙasashe biyar, Mali, Nijar, Aljeriya, Libiya da Burkina Faso. Ba su da jarida, ba su da gidan rediyo nasu, mafi yawansu ba su yi boko ba. Kaset ɗin nan shi ne jaridarsu. Hukumomi sun gane haka sarai, shi ya sa aka haramta shi, kuma a shingayen bincike mallakarsa kaɗai ta isa a ɗauke ka ɗan tawaye.

Na san wasu za su ce ai Turawa ma sun yi irin wannan. Haka ne. A watan Janairun 1977 wasu samari a Manchester ta Ingila, Buzzcocks, suka ranci wajen fam 500 a hannun dangi da abokai suka buga faifansu da kansu, kwafi dubu, ba tare da wani babban kamfani ba, kuma har yau ana ba da labarin a matsayin mafarin wani zamani. Amma su zaɓi suka yi. Kamfanonin suna nan a Landan, suka ce ba ma so. Ishumar ba su da ƙofar da za su juya wa baya. Wannan bambanci ne babba, kuma in ana haɗa su a jimla ɗaya yakan ɓace.

To, 1990. A Nijar, samarin da suka dawo daga Libiya da Aljeriya bisa alƙawarin za a taimaka musu su zauna, suka tarar ba haka ba. A watan Mayu rikici ya tashi a Cintabaraden, aka kai wa jandarmomi hari, sojoji suka mai da martani a kan farar hula, aka kashe mutane da yawa, adadin har yau ana jayayya a kansa. Wata guda bayan haka aka kai hari Menaka a Mali. Tawaye ya kama ƙasashen biyu. Wasu 'yan Tinariwen sun ajiye jita sun shiga daji na ɗan lokaci.

A ɓangaren Nijar, sunan da ya kamata ku sani shi ne Abdallah ag Oumbadougou. Ɗan yankin Agadas ne, shi ma ya bi hanyar Aljeriya da Libiya, ya kafa ƙungiyarsa Takrist n'Akal. Kaset ɗinsa haramtattu ne a Nijar duk tsawon shekarun tawayen, amma kusan duk wanda ya riƙe jita a Agadas bayansa, daga waɗannan kaset ɗin ya koya. Yaro zai mayar da kaset baya da biro don kada batir ya ƙare, ya sake saurara, ya nemi wurin a kan tsirkiya. Makarantar ke nan.

Aka sa hannu kan sulhu a Nijar ranar 24 ga Afrilun 1995, ranar da aka mai da ita ranar hutu a ƙasar. A Mali aka ƙona makamai a Timbuktu a watan Maris na 1996. Abdallah ya dawo gida ya buɗe wuraren koyar da kiɗa a Arlit da Agadas, ya rasu a 2020.

Sulhu ya kawo tambayar da ba a yi tunaninta ba a daji: yanzu me mai jita zai ci? Hanya ta rabu biyu.

Ta farko ta yi waje. Wasu makaɗan Faransa, Lo'Jo, da wani Baturen Ingila mai jita, Justin Adams, suka je Kidal suka ɗauki Tinariwen a ɗan gidan rediyon garin, Radio Tisdas, inda wuta ba ta wuce 'yan sa'o'i da dare. Faifan ya fito a 2001, shekarar da aka fara bikin kiɗan hamada a Tin Essako. Daga nan sai Turai, sai Amurka, har a 2012 suka ci kyautar Grammy da kundinsu Tassili. Na ji daɗin wannan, amma akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. 'Yan jaridar Turai sun fi son hoton ɗan tawaye da bindiga a kafaɗa ɗaya jita a ɗayar, da rawani da tudun yashi. Mutanen da suka yi 'yan watanni a fagen daga kuma suka yi shekara arba'in suna waƙa, sai a riƙa gabatar da su da watannin nan. Rawanin ma da ake ta ɗauka hoto, mai shuni da ƙyalli, turkuɗi ne, kuma marinan Kura ta Kano sun daɗe suna rina wa Abzinawa shi. Wannan dai a gefe.

Hanya ta biyu ta tsaya gida, kuma ita ta fi burge ni. A Agadas jita ta koma kiɗan biki. Aure, suna, taron siyasa. A shimfiɗa tabarmi a fili, a tayar da janareto, a jona 'yan lasifikoki, galibi na haya ko na aro, a buɗe su har ƙarshe. Ƙaramar lasifika in aka matsa mata sai ta fara ƙara tana tsagewa, to wannan tsagewar da wani injiniya zai kira matsala ita ta zama sautin Agadas. Aka ƙara ganguna irin na bandiri na zamani, bugun ya yi sauri fiye da na Kidal, don mata da samari rawa suke so. Kuɗin kuwa daga mai biki ne da liƙi. Ƙungiyoyi suka yi yawa, gasa ta yi zafi. Etran de L'Aïr, wadda 'yan gida ɗaya suka kafa a 1995, ta yi shekara fiye da ashirin tana wannan aiki kafin faifanta na farko ya fita waje a 2018. Ku lura, ubangidan da jita ta gudu ya dawo ta bayan gida, sai dai yanzu uwar amarya ce da ɗan takara.

Kuma siyasa ba ta sake su ba. A 2007 wani tawayen ya sake tashi a arewacin Nijar, maganar rabon arzikin yuraniyom na Arlit tana cikin manyan dalilansa. Gwamnatin Tandja Mamadou ta sa yankin Agadas cikin dokar ta-ɓaci, aka koma kallon mai jita da idon zargi. Omara Moctar, wanda aka fi sani da Bombino, an kashe biyu daga cikin abokan kiɗansa, shi kuma ya tsere Burkina Faso. Sai a farkon 2010 ya dawo ya yi wasa a gindin babban masallacin Agadas, mai doguwar hasumiyar ƙasa. Shi ne ɗan Nijar na farko da aka sa sunansa a takarar Grammy.

Yanzu ga inda labarin ya biyo ta ƙofar gidanmu. Wani saurayi, Mahamadou Souleymane, ɗan yankin Abalak da Cintabaraden, wanda duniya ta sani da Mdou Moctar. Gidansu gidan addini ne, ba sa son kiɗa, mun san irin wannan. Ya ga Abdallah yana wasa, ya koma ya haɗa tasa jitar da katako da wayar birkin keke. Bahago ne kuma. A 2008 da ya tashi ɗaukar waƙoƙinsa, bai nufi Yamai ba, Sakkwato ya zo. Me ya sa? Don a lokacin kiɗan finafinan Hausa, na nanaye, ya mamaye har Nijar, kuma ƙananan sitidiyon da ke yin sa suna da araha. Aka ɗora masa bugun fiyano, aka bi muryarsa da na'urar nan mai lanƙwasa murya da muka saba ji a waƙoƙin fim. Sakamakon wani abu ne da ba a taɓa ji ba: jitar Abzinawa da Tamashek cikin rigar Kannywood. Kundin sunansa Anar.

Ba a kai shi kasuwa ba. Ba kwali, ba hoto, ba mai rarrabawa. Amma zamani ya canza, ƙananan wayoyi 'yan China masu memori da bulutut sun cika Sahel, a wuraren da intanet bai kai ba, wani wurin ma ko sabis babu. Wayar ta zama rikoda, ta zama rediyo. A tasha, a cikin mota, a majalisar shayi, sai ka ji "turo mini wannan". A kasuwa kuma ga masu kwamfuta da ke cika memori a biya su, irin masu turin da muke da su a kowace unguwa. Aikin da kaset ke yi a wata guda, bulutut ya yi shi a minti ɗaya, kuma kwafi na ɗari daidai yake da na farko. Waƙoƙin Anar suka tsallaka iyaka har Mali, mai su bai sani ba.

A nan ne kuma ciwon yake. Kaset aƙalla wanda ya ba ka zai ce maka na wane ne. Fayil a waya kuwa kowa na iya sauya masa suna, ko ya zo da lambobi kawai. Waƙa ta yi suna, mai waƙa bai yi ba. Mai turi ya karɓi kuɗinsa, mai sayar da memori ya karɓi nasa, mai cajin waya ma ya samu, wanda ya yi waƙar ko sisi. A zamanin tawaye rashin suna kariya ce, don wanda ba a san shi ba ba a kama shi. A zamanin neman abinci, rashin sunan nan shi ne asara. Iyakar ribar da makaɗi zai samu ita ce in an gane shi a kira shi biki.

Wani Ba'amurke ɗan birnin Portland, Christopher Kirkley, ya zauna a Kidal wajen 2009 zuwa 2010 yana ɗaukar kiɗan gargajiya. Sai ya lura abin da mutane ke ji a wayoyinsu ya fi abin da ya zo nema. Ya shiga musaya da su, ya ba su abin da ke kwamfutarsa su ba shi na memorinsu. Da ya koma gida ya tace, ya fitar da tarin da ya kira Music from Saharan Cellphones, wato kiɗa daga wayoyin Sahara, wanda ƙaramin kamfaninsa Sahel Sounds ya buga a faifai a 2011. Waƙar da ta fi jan hankali a ciki ita ce "Tahoultine", daga ɗaukar nan ta Sakkwato.

In za a yi adalci, abin da ya raba Kirkley da mai turi abu ɗaya ne: ya tashi neman masu waƙoƙin don a raba kuɗi da su. Kuma neman ya ba shi wuya, tun da abin da ke kan fayil ɗin guntun suna ne. Da ya samu lambar Mdou ya kira, shi Mdou ya ɗauka wani ne ke zolayarsa. Daga baya Kirkley ya zo Nijar, ya kawo masa jitar bahago, suka ɗauki kundi na gaba a 2013. A shekarar ne ma kamfanin ya fitar da tarin waƙoƙin finafinan Hausa mai suna Harafin So. Duk da haka ni ban ɗauki wannan a matsayin an warware matsala ba. Mutum ɗaya ne mai kirki da kunne mai kyau, kuma kunnensa ne ke zaɓar wanda za a ji a waje. A duk mutum ɗaya da ya kira, akwai ɗaruruwa a memorin nan da wayarsu ba ta yi ƙara ba.

A 2015 suka fitar da fim ɗin da suka yi a Agadas, Akounak Tedalat Taha Tazoughai, wanda aka gina a kan Purple Rain na mawaƙin Amurka Prince. An ce Tamashek ba shi da kalma guda ta launin shunayya, don haka sunan ya zama ruwan sama mai launin shuɗi da ɗan ja a ciki. Mdou ne jarumin, yana yawo a babur. Abin da ya sa na kawo fim ɗin shi ne makircin da ke cikinsa: an ɗauki sabuwar waƙarsa a waya a ɓoye, abokin hamayyarsa ya riga shi fitar da ita. Su da kansu sun san wayar da ta ɗaga su ita ce kuma ɓarauniyarsu.

Ɓangaren Mali kuwa, 2012 ta zo da wani sabon haramci. Ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai da suka karɓe Kidal da Gao da Timbuktu suka hana kiɗa, makaɗa da yawa suka gudu, bikin hamada da aka yi a Janairun shekarar ya zama na ƙarshe a can. Waƙa ta sake komawa aljihu.

Akwai kuma mata, kada in wuce su. Tende nasu ne tun asali, amma jita ta zama ta maza. Fatou Seidi Ghali, 'yar wani ƙauye Illighadad kusa da Abalak, ta koya wa kanta da jitar ɗan'uwanta. Kundinsu na 2016, ita da 'yan'uwanta mata, a fili aka ɗauke shi, gefe ɗaya jita, ɗaya gefen tende. In kun saurari biyun a jere za ku ji da kunnenku daga ina bugun jitar nan ya fito tun farko.

A 2020 Sahel Sounds suka gwada wata dabara. Kowane wata makaɗi ɗaya ko ƙungiya ɗaya su ɗauki 'yan waƙoƙi da waya a gida, su tura ta WhatsApp, a ɗora a dandalin sayar da kiɗa na Bandcamp, kuɗin ya tafi wurin masu waƙar. Ya faɗo daidai shekarar korona, lokacin da bukukuwa da tafiye-tafiye suka tsaya. Rikodar tsakiyar tabarma ce dai ta dawo, sai dai wannan karon da suna a kai da hanyar biya.

Mdou Moctar kuwa ya kai inda ake kaiwa. A 2021 kamfanin Matador na Amurka ya fitar da Afrique Victime, a 2024 kuma Funeral for Justice, inda yake caccakar Faransa kan yuraniyom ba ɓoye-ɓoye. Amma in ya dawo gida har yanzu yana kiɗan biki a fili da janareto. Ranar 26 ga Yulin 2023, suna tsakiyar zagayen wasa a Amurka, sojoji suka kifar da gwamnatin Bazoum Mohamed a Yamai, aka rufe iyakoki da sararin sama. Shi da abokan kiɗansa biyu 'yan Nijar suka maƙale, ba hanyar gida. Masu sauraronsu ne suka yi karo-karo ta intanet aka biya musu masauki da abinci. Su kuma da zaman ya yi tsawo suka shiga wani sitidiyo a Brooklyn suka sake ɗaukar waƙoƙin sabon kundin da jitar da ba ta lantarki ba, a zaune, irin yadda ake yi a zaman shayi. Shi ne ya fito a 2025 da sunan Tears of Injustice.

Nan za mu dakata yau. Mutanenmu na Agadas da Tawa da Arlit, in akwai mai tsohon kaset na shekarun 1990 a ajiye a gida, ya yi mana magana a ƙasa, muna so mu ji. Sai mun haɗu a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.